Filastar Goshi: Tsakanin Jin Sanyi Da Samun Lafiya

A cikin watan Agustan bara, daidai lokacin da damina ta kankama, sauro ya samu abin da yake so, 'yar autata mai shekara uku ta wayi gari da zafin jiki. Ina shirin fita zuwa makaranta, domin a makon muna tsakiyar duba takardun jarrabawa, sai mahaifiyarta ta ce da ni, "Malam, taɓa yarinyar nan ka ji." Na ɗora bayan hannuna a goshinta na ji rau, na ce a ba ta farasitamol, in na dawo da yamma sai mu ga abin da hali zai yi. Ko da na dawo sai na tarar da ita kwance da wani ɗan farin ƙyalle manne a goshi, kamar wadda aka ɗaure wa rauni. Wata ƙanwata da ke zaune tare da mu ce ta sayo shi a wani kemis na bakin titi, inda mai kantin ya tabbatar mata cewa wannan ita ce "filastar zazzaɓi", ita ake yayi yanzu, kuma tana janye zafi daga jikin yaro kamar yadda auduga ke tsotse ruwa. Na ɗaga gefen filastar na taɓa wurin, na ji sanyi ƙalau. Yarinya ta samu barci, mu ma hankalinmu ya kwanta.

Kwana biyu muka yi a haka, in wannan ta bushe a ɓare wata a manna, kowa ya zo gaishe ta ya taɓa goshi ya ce ai da sauƙi. A dare na uku sai ta fara amai, ta ƙi ruwa, ta ƙi kunu, ta yi laushi kamar tsumma. Misalin ƙarfe biyu na dare muka isa asibiti, aka ɗebi jini a yatsa, cikin minti ashirin sakamako ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya riga ya yi nisa. Sai da aka kwantar da ita kwana uku ana yi mata allurai. Likitar da ta karɓe mu, wadda a shekaru ba ta wuce sa'ar ɗalibaina ba, ta tambaye ni, "Malam, tun yaushe jikin ya fara zafi?" Na ce tun shekaranjiya. Ta ce, "To me ya hana ku zuwa?" Na rasa abin cewa, sai na ce ai mun ga goshinta ya yi sanyi. Ta dube ni cikin ladabi ta ce, "Goshin ne ya yi sanyi, Malam, amma yarinyar ba ta yi ba."

Ni ba likita ba ne. Sana'ata nazarin harshe, kuma shekaru kusan ashirin ke nan ina koya wa ɗalibai cewa su riƙa bambance abin da kalma ta faɗa da abin da mai sauraro ya ɗauka ta faɗa. Amma ga shi a cikin gidana an yi mini abin da nake gargaɗin wasu a kai. Saboda haka bayan an sallamo mu sai na ɗauko kwalin filastar na zauna na karanta shi tiryan-tiryan, na kuma bi diddigin abin da masana kiwon lafiya suka ce game da ita. Abin da na gano shi ne nake son in raba da mai karatu, musamman ganin yadda wannan filasta ta cika kantunan magani na manyan garuruwanmu, kuma mu 'yan boko mu ne kan gaba wajen saye.

Da farko dai, asalin abin daga Japan ya fito. A shekarar 1994 ne kamfanin Kobayashi na can ya fitar da irin wannan filasta, wadda daga baya ya riƙa sayar da ita a wasu ƙasashe da sunan Koolfever, sannan kamfanoni da dama, musamman na ƙasashen Asiya, suka shiga yin tasu. Dabarar mai sauƙi ce. Ƙyalle ne da aka shimfiɗa masa wani abu mai danƙo kamar daskararren koko, wanda mafi yawansa ruwa ne. Idan aka manna a fata, ruwan yana ƙafewa a hankali yana tafiya da ɗan zafin wurin, kamar dai yadda randa ko tulu ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da ke bushewa a bayansu. Kakanninmu sun san wannan hikima tun kafin a san da Japan a ƙasar Hausa, domin jiƙaƙƙen tsumman da tsohuwa ke ɗora wa jikanta a ka, aikinsa ke nan. Abin da filasta ta fi tsumma da shi kawai shi ne ba ta ɗiga, ba ta zamewa da wuri, kuma masu yin ta suna cewa sanyinta kan kai sa'o'i takwas.

Akwai kuma abu na biyu a cikin yawancinsu, wato mantol, sinadarin nan mai ƙamshin na'a-na'a da muka sani a man zafi da alawar tari. Mantol ba ya rage zafin komai. Abin da yake yi shi ne tsokanar wasu jijiyoyi na fata waɗanda aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa an taɓa abu mai sanyi, sai su aika da saƙon alhali babu sanyin. A shekarar 2002 ne ɗakunan binciken David Julius da Ardem Patapoutian a Amurka suka gano ƙofar da mantol ke ƙwanƙwasawa a jikin jijiyar, kuma wannan yana cikin ayyukan da suka sa aka ba su kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021. Ke nan wani ɓangare na sanyin da mai filasta ke ji na gaske ne amma a fatar goshi ya tsaya, wani ɓangaren kuwa labari ne kawai aka kai wa ƙwaƙwalwa.

To shi zazzaɓin fa, daga ina yake tasowa? A nan ne na fahimci girman kuskurenmu. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke tsare zafin jikin mutum a wajen digiri 37, kamar lambar da ake saita wa na'urar sanyaya ɗaki. Idan cuta ta shiga jiki, sojojin jini sukan saki wasu sinadarai da ke sa wannan sashe ya ɗaga lambar zuwa 38 ko 39 ko sama da haka, domin a ƙuntata wa cutar. Shi ya sa mai masassara ke rawar ɗari yana neman bargo alhali jikinsa kamar garwashi: jikin ne ke ƙoƙarin kai kansa ga sabuwar lambar da aka saita masa. Farasitamol da ibuprofen can suke zuwa su sauko da lambar. Filasta kuwa ba ta da hanyar kaiwa can. Kuma ko ta fuskar girma aka duba, likitocin ƙuna suna ƙiyasta tafin hannun mutum haɗe da yatsunsa a matsayin kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa, ita kuwa filasta ba ta fi tafin hannun yaro da wani abin kirki ba. Wanda ya jiƙa tagar ɗaki ɗaya bai kashe gobarar gida ba.

Hasali ma, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, wadda aka sani da NICE, tun cikin ƙa'idar da ta fitar a 2007 kan zazzaɓin yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ce ba ta ba da shawarar a riƙa goge jikin yaro da ruwa mai ɗumi-ɗumi da nufin sauko da zazzaɓi ba, kuma ba ta janye wannan matsayi ba a gyare-gyaren da ta yi daga baya. Idan goge jiki gaba ɗaya bai samu wannan shaida ba, ina ga ɗan ƙyallen da bai wuce goshi ba? Hukumar ta kuma bayyana cewa magungunan sauko da zafi ba sa hana jijjigar da zazzaɓi kan jawo wa wasu yara tsakanin wata shida da shekara biyar. Na kawo wannan ne domin na sha jin iyaye mata suna cewa suna manna filasta don kada zafi ya hau wa yaro ka ya sa shi taune-taune. Abin da maganin sha bai hana ba, filasta ba za ta hana shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa na zo ne in ce filastar nan guba ce. A yi mata adalci, tana da nata amfanin. Tana sa mara lafiya ya ji daɗin jikinsa, kuma jin daɗi ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya kasa barci ko babban da kansa ke sarawa. Babu maganin sauko da zafi a cikinta, saboda haka ba ta karo da farasitamol, kuma babu fargabar a ce an zarce ƙima. Ga mafi yawan manya da yaran da suka tasa, ba ta da wata illa da ta wuce a jefar da ita bayan ta bushe. Matsalar tana wurare uku ne: fata, numfashin jarirai, da kuma abin da take sa iyaye su ɗauka.

Ta ɓangaren fata, danƙon da ke riƙe ta, da turaren da ake sa mata, da sinadaran hana lalacewa, da shi kansa mantol, duk suna iya jawo wa mai fata mara juriya ƙaiƙayi ko ja ko ƙananan ƙuraje, musamman idan ta daɗe a wuri guda ko aka yi ta maimaita ta a kan gurbin ta baya. Masu yin ta da kansu suna rubuta cewa kada a manna a kan rauni ko ƙuraje ko kusa da ido, kuma kada a sake amfani da wadda aka riga aka cire. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a watannin bazara da wuya ka ga yaron da ba shi da ƙurajen zafi a goshi, kuma wasu cututtukan, irin su ƙyanda da ƙarambau, da zazzaɓi da ƙuraje suke zuwa tare.

Game da mantol kuwa, akwai wani bincike na gida da ya kamata a ce kowane mai jego ya san da shi. A shekarar 1980, wasu likitocin yara biyu a Legas, Olowe da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, sun wallafa sakamakon nazarin da suka yi kan jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, inda suka nuna cewa waɗanda aka riƙa barbaɗa wa hoda mai mantol a cibiya sun fi fuskantar shawara mai tsanani. Wannan ƙaranci gado ne, ya yawaita a tsakanin 'ya'ya maza a Afirka ta Yamma, kuma yawancinmu ba mu san ko 'ya'yanmu suna da shi ba, tun da ba kasafai ake gwadawa ba. Binciken a kan hoda aka yi shi, ba filasta ba, amma ya isa ya sa mai hankali ya nisanta jariri sabon haihuwa da duk wani abu mai mantol.

Haɗari na biyu ya fi wannan tayar da hankali. A cikin watan Afrilun 2004, a tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan, wata uwa ta manna wa ɗanta mai wata huɗu irin wannan filasta a goshi, ta ɗan juya ta kama wani aiki. Kafin ta dawo filastar ta zame ta rufe masa hanci da baki. An ceto ransa, amma rashin iska ya riga ya yi wa ƙwaƙwalwarsa mummunar illa. Wannan ne ya sa cibiyar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a watan Yulin shekarar. Jariri ba shi da wayon da zai kai hannu ya cire abin da ya toshe masa numfashi, kuma gumi da mutsu-mutsu suna sassauta danƙon. Yanzu a auna wannan da halin da muke ciki: ɗaki mai duhu saboda an ɗauke wuta, zafi ya sa yaro yana ta gumi, uwa ta gaji da jinya barci ya sace ta. Yaron da ya fara wayo kuma yana iya ɓare ta ya kai baki, tun da tana da laushi da ƙamshi kamar alawa.

Amma a ganina haɗari na uku shi ne namu na musamman, shi ne kuma wanda ya kusa cin gidana. A Japan ko Ingila, yawancin zazzaɓin yara na mura ne da makamantanta, waɗanda kan wuce da kansu. Mu kuwa a nan, Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan suna nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa. Hukumar ta yi gargaɗin cewa irin wanda ya fi yawa a yankinmu yana iya rikiɗewa ya zama mai tsanani idan ba a magance shi cikin sa'o'i 24 ba. Shi ya sa shugabannin Afirka da suka taru a Abuja a watan Afrilun 2000 suka sa samun magani cikin kwana guda a sahun gaba na alƙawuran da suka ɗauka, kuma tun 2010 hukumar ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da magani. Ban da sauro, muna zaune ne a tsakiyar yankin sanƙarau, kuma waɗanda suka yi wayo a 1996 ba su manta da annobar da ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan ba, mafi yawansu a Arewa. Ga taifot, ga ciwon huhu, ga zazzaɓin Lassa. Duk da zafin jiki suke sallama.

A irin wannan ƙasa, duk abin da zai sa uwa ta jinkirta zuwa asibiti da kwana ɗaya ba abin wasa ba ne. Kuma filasta ta zaɓi wurin da ya fi kowane muhimmanci a wajenmu, domin goshi shi ne ma'aunin talaka da mai kuɗi. Nan uwa ke ɗora hannu, nan kaka ke ɗora kumatu. Hatta ɗan ma'aunin nan mai kama da bindiga da ya shigo mana lokacin Ebola a 2014, ya kuma zama ruwan dare lokacin Korona a 2020, zafin fatar goshi yake karantawa, don haka idan aka auna yaro da shi jim kaɗan bayan an cire filasta, zai iya nuna lambar da ta gaza ta gaskiya. Mun sanyaya wurin da muke tambaya, sannan muka gaskata amsar da ya ba mu.

A nan ne zan koma ga sana'ata. Da na karanta kwalin nan da idon mai nazarin harshe, sai na ga cewa masu shi sun yi taka-tsantsan da kalmominsu. Sun yi maganar sanyaya wuri da kwantar da rashin jin daɗi, amma ban ga inda suka ce tana warkar da wata cuta ba, har ma a can ƙasa cikin ƙananan haruffa sun ce a ga likita idan zazzaɓi ya ci gaba. Sai dai da Turanci suka rubuta, wasu kwalayen ma da rubutun Sin ko na Japan suke zuwa, wanda mai kemis bai iya karantawa ba balle mai saye. Abin da ke isa kunnen uwa shi ne fassarar mai kanti, shi kuwa cewa yake "filastar zazzaɓi" ko "maganin zazzaɓi na mannawa". A Hausa kuwa idan aka ce maganin abu, to ana nufin abin da ke kawar da shi, kamar yadda muke cewa maganin sauro ko maganin ɓera. Da wannan 'yar kalma guda an ɗaga ƙyalle mai ruwa an kai shi matsayin da masu yin sa ma ba su kai shi ba.

Sannan harshenmu da kansa yana da wata ɗabi'a da ke taimaka wa ruɗin. A wajen Bahaushe sanyi abokin alheri ne a mafi yawan lokuta: muna cewa rai ya yi sanyi, zuciya ta yi sanyi, a sanyaya wa wane rai, yayin da zafi ke tafiya da ciwo da fushi da wahala. Ga kuma kalmar "sauƙi", wadda ladabi ya hana mu rabuwa da ita. Ko mutum yana kan gargara, in aka ce yaya jiki, amsar ita ce da sauƙi. Wannan kyakkyawar al'ada ce ta kyautata zato da ƙarfafa gwiwa, ba na kuma fatan mu bar ta. Amma gaisuwa daban, bayanin halin mara lafiya daban. Mu a gidana mun haɗa biyun, muka riƙa gaya wa juna "da sauƙi" har muka yarda da kanmu. An bar jaki ana dukan taiki, sai da dare ya raba muka gane.

Me ya kamata a yi ke nan? Ga iyaye, shawarata ita ce wadda na samu daga bakin likitoci bayan na sha tawa. A mallaki ma'aunin zafin jiki na sawa a hammata, wanda kuɗinsa bai kai na katin wayar da muke sawa a mako ba. Jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafinsa ya kai digiri 38, asibiti ake nufa da shi nan take, ba kemis ba. Yaro ko babba da ya yi zazzaɓi a gwada jininsa a ranar, kada a jira gobe. Idan yaro ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashinsa ya yi sauri, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, to ko ƙarfe nawa ne a fita da shi. A ba shi ruwa da nono akai-akai, kada a lulluɓe shi da kaya masu nauyi. Farasitamol a bi ƙimar da aka rubuta daidai da shekaru ko nauyin yaro, kada a wuce sau huɗu a kwana guda, asfirin kuwa ba na yara ba ne. Wanda duk da haka yake son ya manna filasta don yaro ya ji daɗi, to ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya tabbatar fatar lafiya lau take, kada ya manna wa jariri, kada kuma ya bar ƙaramin yaro ya kwana da ita ba mai ido a kansa.

Ga hukuma kuwa, ina ganin lokaci ya yi da NAFDAC za ta wajabta wa masu shigo da irin waɗannan kaya su rubuta muhimman gargaɗi da manyan harsunan ƙasar nan, da haruffan da ido ke iya gani. Layi biyu sun wadatar: wannan ba ta maganin zazzaɓi, kuma kada a manna wa jariri. Sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu cike suke da waɗanda za su yi wannan fassara cikin yini guda idan an neme su. Ƙungiyoyin masu kemis da gidajen rediyonmu su ma suna da rawar takawa, kuma ina roƙonsu da su fara da gyara sunan. A daina cewa filastar zazzaɓi, a ce filastar sanyaya goshi, domin iyakar aikinta ke nan, kuma uwar da ta ji wannan suna ba za ta zauna jiran abin da ba a yi mata alƙawarinsa ba.

Auta dai ta warke, har ta shiga makarantar rainon yara a bana. Ragowar filastar tana nan a cikin durowa, ni ne ma nake manna ta a wasu ranaku idan duba takardu ya sa mini ciwon kai, kuma ba zan ɓoye ba, tana yi mini daɗi. Amma a gefenta yanzu akwai ma'aunin zafin jiki, kuma duk wanda ya ce da ni jikin yaro da sauƙi, nakan amsa masa da Allah ya ƙara sauƙi, sannan in tambaye shi lamba nawa ma'aunin ya nuna.